Gidan gadonmu a Birni: a rushe ko a gyara?

Jikan Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san gini ya yi magana. Gidanmu na gado yana cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ginin ƙasa ne tun na kakan babanmu. Akwai zaure mai daurin guga, wato rufi mai bakan gizo na azara, da zane a goshinsa, sai shigifa, sai ɗakuna biyar a cikin gida. Damanar da ta wuce bangon gabas ya buɗe baki, har yaro na iya zura hannu. Mu magada goma sha ɗaya ne. Babban yayanmu da ke Yamai ya ce a kwashe komai a zuba bulo da kwano, shi zai ɗauki rabin kuɗin. Ni dai raina bai kwanta ba. Innarmu da gwaggonmu suna ciki har yanzu. Me kuke gani?

Mai Kabu-kabu na Sabon Kare:
Wa alaikumus salam. Malam, an ce za a biya maka rabi kuma kana neman shawara? Ni a ba ni lambar yayan nan, ina da gidan da za a rushe.

Mai Shago a Dole:
Ban da wasa, ka bi maganar yayanka. Duk mun ga abin da ya faru a watan Satumba na 2024. Tsohon masallacin Birni da ya tsaya tun wajen 1850, kowa ya ga bidiyonsa a waya yana zubewa. In masallacin da gari duka ke kallo ya faɗi, ina ga gidanku? A damanar 2024 ɗin mutum fiye da 300 suka rasu a Nijar, kuma da yawa gini ne ya danne su suna barci. Tsofaffi biyu gare ka a ciki. Kada son zane ya sa ka yi da-na-sani.

Jikan Birni:
Wallahi maganarka ita ce ke hana ni barci in hadari ya taso. Shi ya sa na kawo zancen nan.

Tsohon Magini (ɗana ke rubuta mini):
Yaro, kafin kowa ya ce maka rushe ko bari, amsa mini tambayoyi. Tsagar nan a tsaye take ko a karkace? Ta fi faɗi a sama ko a ƙasa? Bangon gabas ɗin, an taɓa shafa masa siminti? Ina makewayi yake, kuma ruwan wanka ta ina yake fita? Titin ƙofar gida ya fi tsakar gidan tudu, ko gidan ne ya fi?

Jikan Birni:
Ranka ya daɗe Baba. Tsagar a tsaye take, ta fi faɗi a sama, kusa da kusurwa. An shafa siminti a bangon tun babanmu na da rai. Wurin wanka yana jingine da wannan bangon ta ciki. Titi kuwa tun da aka yi masa ciko ya fi mu tudu, in an yi ruwa sai mun sa buhunan yashi a ƙofa.

Tsohon Magini:
To ka ba kanka amsa. Ba tsufa ke cin gidanku ba, ruwa ne, kuma ta ƙasa yake cinsa. Bangon ƙasa yana shan laima, rana ta fito ya amayar da ita. Haka aka gina shi ya yi. Ranar da kuka lulluɓe shi da siminti kun sa masa rigar leda ne: zufa ta fita ba ta da hanyar bushewa. Daga waje ka ga bango sumul, daga ciki ya zama kunu. Je ka ƙwanƙwasa simintin da bayan yatsa. Inda ka ji ya yi ƙarar fanko, ya rabu da ƙasar tuni, ruwa na bi ta tsakaninsu. Gindin bangon ya yi laushi ya zauna, shi ya sa kusurwa ta janye, tsagar ta buɗe ta sama.

Abin da ake kira samidur ɗin nan, ƙasa a ciki siminti a waje, na ga gidajen da ya kashe da idona. Mutum ya ga ya huta da yaɓe, sai wata damana fatar simintin ta ɓantare gaba ɗaya ta fito da rabin bangon.

Sannan a da ruwan da ke shiga gida na tulu ne, ana auna shi. Yanzu kun ja famfo, kun yi wurin wanka jikin bango, ruwan sabulu na kwanciya a gindinsa safe da yamma. Wanda ya gina gidan bai yi lissafin wannan ba.

Mai Kabu-kabu na Sabon Kare:
Baba, wane famfo? A Damagaram? Namu famfon ado ne, bido muke bi.

Tsohon Magini:
Ruwan bidon ma in an yi wanka da shi ƙasa yake zuwa, ɗana.

Uwar Biyu:
Ku yi mini haƙuri, zan yi magana ko ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Duk lokacin da aka tayar da zancen tsohon gida, maza ne ke kukan zaure. Zaure kuke zama ku sha shayi, baƙo ya zo ya ɗaga kai ya ce masha Allah. Ku tambayi wadda ke cikin gida. Ni a irin wannan gida aka kai ni amarya. Ƙasa na zubowa daga rufi cikin kwanon tuwo. Gara ta cinye mini akwatin lefe ta ƙasa ban sani ba, sai da na ɗaga na ga zannuwa sun zama gari. Taga kamar tafin hannu, da rana tsaka sai ka kunna fitila kafin ka ga allura. In aka yi ruwan dare, mu mata ne ke tashi da kwanoni muna tarar yoyo, mu ne ke kwashe ruwan tsakar gida da ƙwarya. Kunama kuwa ba a magana. Wanda ke ƙaunar gidan kakansa daga Yamai ko daga sabuwar parsel ɗinsa, ƙaunar mai sauƙi ce.

Jikan Birni, kai a gidan kake kwana?

Jikan Birni:
A'a Hajiya, ina haya a Garin Malam. Amma kullum sai na leƙa.

Uwar Biyu:
Leƙawa daban, kwana daban. Ka tambayi Inna me take so kafin ka tambaye mu?

Malamin Tarihi:
Hajiya ta yi gaskiya, ba na musu. Amma bari in sa wani abu a kan faifai. Birni ba unguwa ce kamar kowace ba. Nan ne gadon mulkin Damagaram, nan Sarki Tanimu ya ja ganuwa, nan fada take tun tsakiyar ƙarni na 19. Baturen nan Barth ya sauka a garin nan a ƙarshen 1852. Garin nan ne babban birnin Nijar a hannun Faransawa har 1926 kafin a mayar Yamai. Tun 2006 Birni da fadar sarki suna cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Agadas ta shiga a 2013, mu muna nan muna jira. Kuma abin da za a zo a duba ba fada kaɗai ba ce, lungunan ne da fuskokin gidajen talakawa, zankwaye da dagi da zanen da magina suka yi da hannu a jikin ɗanyen yaɓe. Kowace shekara sai na bi wani lungu na tarar da zauren da na sani ya zama shago mai ƙofar ƙarfe. Ba wanda ya yi laifi, kowa gidansa ne. Amma ranar da za a zo dubawa me za mu nuna?

Mai Shago a Dole:
Malam, UNESCO za ta biya kuɗin yaɓen? In za ta biya, ni ma in koma ginin ƙasa gobe.

Ɗiyar Agadas:
Ni daga can nake, aure ya kawo ni nan. Kada ku ɗauka shiga jerin nan kuɗi ne ke saukowa gida-gida. Abin da ya fi zuwa shi ne doka: a cikin tsohon gari ba ka canja fuskar gidanka yadda ka ga dama. Wasu na jin daɗi, wasu na ƙorafi. Hasumiyar masallacinmu mai tsawon mita 27 ba takarda ce ta riƙe ta ba, mutane ne ke hawa kan itatuwan da ke jikinta suna sabunta yaɓe. Ruwan 2024 kuma bai bar mu ba, mu ma gidaje sun zube.

Tsohon Magini:
Ɗiyata ta taɓo inda ciwon yake. Ginin ƙasa hannu yake so. Da muna yara, kafin ruwan farko kowane gida sai an hau sama. A share indararo, a toshe ramin ɓera, a bi rawani da zankwaye a cike inda ya zaizaye. Mai hali ya sa a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Mai hali sosai ya sa laso a rufi, da katsin marina da gashin majema. Samarin gida ne ke kwaɓa ƙasa da ƙafa, mata su kawo ruwa da fura, magini ɗaya ya isa. Yanzu marinar nawa ta rage da za a samu katsi? Samarin gidan kuma ɗaya na Yamai, ɗaya na Libiya, ɗaya na kan kabu-kabu.

Mai Kabu-kabu na Sabon Kare:
Baba, ni me na yi maka yau?

Injiniya daga Maraɗi:
Na karanta duka. Ina tare da Baba magini a kan dalilin tsagar, amma ina so in ja kunne: ba a yanke hukunci a kan bango ta waya. Ga abin da za ka iya yi yau ba tare da kashe ko dala ba. Ka samu filasta ko ɗan siminti ka liƙa a kan tsagar wuri biyu ko uku, ka rubuta kwanan wata a gefe. In liƙin ya tsage, bangon na ci gaba da tafiya, a fitar da duk mai kwana a ɗakin da ke jikinsa, a tokare rufin da itace. In bai tsage ba, kuna da lokacin tunani.

Abu na biyu, ka sa a duba kan azara, inda ta shiga cikin bango. Nan take ruɓewa, ba a tsakiya ba. Ka soka mata wuƙa, in ta nutse to an gama. Kuma a auna kaurin ƙasar da ke kan rufin. Gidaje da yawa duk shekara ana ƙara yaɓe a sama ba a kankare na da, har nauyin ya fi ƙarfin itacen. In ruwa ya jiƙa wannan tulin ƙasa, nauyinsa ya ƙaru, shi ne rufi ke faɗowa cikin dare.

Game da bulo da kwano kuma, kada a ruɗe ku. Bulon da ake bugawa a bakin titi, wanda ake matse buhun siminti ɗaya ya fitar da abin da ya fi ƙarfinsa, shi ma yana faɗuwa. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan na wuce digiri 40. Bangon ƙasa mai kauri yana riƙe zafin rana ya hana shi shiga sai dare. Ɗakin bulo mai kwano ba silin kuwa, tsohuwa ba za ta iya zama cikinsa da azahar ba sai da fanka, fanka kuma sai da kuran.

Uwar Biyu:
Wannan kam gaskiya ne. Gidan da nake yanzu na bulo ne, da bazara a tsakar gida muke kwana. Amma ban taɓa tashi tarar yoyo ba.

Injiniya daga Maraɗi:
Hajiya, ba dole sai an zaɓi ɗaya ba. Ana yi wa ginin ƙasa gindi na dutse da siminti ya tashi kamar rabin mita, dutse kuwa ba abin da Damagaram ta rasa ba ne. Ana ɗora kwano a saman rufin ƙasa da ɗan tazara, iska na wucewa tsakani, bakin kwanon ya zarce bango don ruwa ya zuba nesa. Ana faɗaɗa taga in an sa mata dogari mai ƙarfi a sama. Akwai kuma tubalin ƙasa da ake matsewa da inji ana ɗan sa masa siminti. Da shi Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta suka gina sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa, tsohon kuma ba su rushe ba, suka gyara shi ya zama ɗakin karatu. Masallacin Yama ma da Falke Barmu ya gina da ƙasa ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Ƙasar ba ita ce matsala ba.

Mai Shago a Dole:
Injiniya, duk wannan a takarda yana da daɗi. Je ka tambayi kuɗin azarar giginya yau, in ma ka samu ta gaske. Ba a sare giginya yadda aka ga dama yanzu, daga nesa take zuwa. Siminti kuwa gwamnati ta rage kuɗinsa bayan ambaliyar 2024. Kuma magini irin Baba nawa suka rage? Mason da zai jera maka bulo kuwa kowane lungu akwai.

Babban Yaya (Yamai):
Assalamu alaikum. Wani ya turo mini zancen nan, ashe ni ake yi wa shari'a ban sani ba. Ni ne yayan da aka ce. Ƙanena, da ka kira ni.

Ina so jama'a su san ba ƙin gidan nake ba. A shigifar nan aka yi mini kaciya, a zauren nan na yi karatun allo, a nan aka yi wa babanmu sallah. In na rufe ido ina ganin gurbin da yake ajiye fitila. Amma tun rasuwarsa duk shekara ni ake kira: indararo ya karye, katanga ta zube, a turo jika kaza. Mu goma sha ɗaya ne a gado, amma a gyara ni kaɗai ne magaji. Wasu cikin ƴan'uwanmu mata sun fara cewa a sayar a raba kowa ya kama gabansa, kuma haƙƙinsu ne, ba mai hana su. Na ga in aka zuba bulo aka fitar da shaguna biyu ta bakin titi, kuɗin haya zai riƙe Inna da Gwaggo, gidan kuma ya zauna a hannunmu. In aka bar shi haka, wata rana baƙo ne zai saya, shi kuma ba zai tambayi kowa ba kafin ya kawo katafila.

Jikan Birni:
Yaya, Allah ya huci zuciyarka, ban ambaci suna ba. Amma shagunan nan biyu a ina za su fito in ba a gurbin zauren ba?

Babban Yaya (Yamai):
A nan ɗin. Shi ne ke bakin titi.

Malamin Tarihi:
Alhaji, zauren ne fa gidan. Ɗakunan ciki ko an sāke su ba wanda zai sani. Daurin guga kuwa in ya tafi ya tafi, don masu iya ɗaure bakan gizo da azara sun kusa ƙarewa.

Mai Gadin Zaure (admin):
Jama'a a yi a hankali, maganar ta zama ta cikin gida. Ban da zagi, ban da sa hoton gidan mutane ba izini.

Malam na Tudun Jamus:
Ta fuskar shari'a abu ɗaya zan ce. Gidan da ba a raba ba na magada ne duka, namiji da rabonsa, mace da nata, matar mamaci da tumuninta. Ba wanda ke da ikon rushewa ko ginawa shi kaɗai don ya fi kuɗi, ba kuma wanda ke da ikon hana rabo don yana son zane. Alhaji, in za ka zuba dukiyarka, a zauna a rubuta da shaidu: kyauta ce ka yi wa gida, ko bashi ne, ko ƙarin rabo? Rigimar da muke gani ba ta tashi lokacin da ake gini, sai bayan shekaru in ƴaƴanku sun girma, wannan ya ce ubana ne ya gina, wancan ya ce filin kakana ne.

Jikan Birni:
Hajiya Uwar Biyu, na bi maganarki. Bayan la'asar na je na zauna da su. Inna ta ce ita zauren bai dame ta ba ko kaɗan, in an ga dama a mai da shi gareji. Abin da take so makewayi mai kyau wanda ba sai ta tsuguna ba saboda gwiwa, da daɓen siminti a tsakar gida, da a ɗaga bakin ƙofa ruwan titi ya daina shigowa. Amma ɗakinta ba mai taɓa shi. Ta ce a nan ta haife mu duka, kuma ta kwana ɗakin kwano a gidan ƴarta ta san yadda yake. Gwaggo kuwa da na ce za a taɓa zaure sai ta juya mini baya, ta ce a bari sai an fitar da ita ta cikinsa tukuna, kamar yadda aka fitar da ubanta da yayanta.

Uwar Biyu:
Ka ji ko. Makewayi da daɓe. Cikinku wa ya kawo wannan tun safe?

Babban Yaya (Yamai):
Makewayi da daɓe da bakin ƙofa, na ɗauka, a fara ko gobe. Zaure kuma na ji maganar Gwaggo, ba zan sa a taɓa shi tana raye ba. Amma a rubuta kamar yadda Malam ya ce, kuma kuɗin yaɓen kowace shekara a raba shi goma sha ɗaya. Wanda bai biya ba kada in sāke jin bakinsa a kan tarihi. Maganar masu son a sayar kuma tana nan, sai na zo da salla mu zauna.

Mai Shago a Dole:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Ɗakin da ke jikin bangon nan a fitar da mai kwana cikinsa kafin hadarin farko.

Tsohon Magini:
A wannan mai shago ya fi kowa gaskiya. Sabon makewayin kuma a ja shi nesa da kowane bango, a yi masa rami nasa. Daɓen a karkata shi zuwa rariya, kada a kai siminti har jikin ƙasa, a bar tazara a zuba tsakuwa. Simintin bangon gabas za a ɓamɓare shi kaɗan-kaɗan, ba rana ɗaya ba, a bar bangon ya sha iska kafin a ɗinke tsagar da guntayen azara. Jikan Birni, turo wa ɗana kwatance ta akwatin sirri. Zan zo ranar Asabar da hantsi. Ka nemo tsani mai ƙarfi da yaro mara nauyi da zai hau rufin, ni gwiwata ba ta hawa yanzu.

Mai Kabu-kabu na Sabon Kare:
Baba, ni zan kawo ka. Kuɗin mai kawai za ka biya.